Amsoshin Tambayoyinku: Mece Ce Bindigar Dankali?

Wani mai sauraronmu daga Zariya ya ce ya ga samarin Amurka a bidiyo suna harba dankalin Turawa da bututu, yana son ƙarin bayani.

To Malam, abin sha'awa ne a wurinsu, kuma bindigar iri biyu ce. A wata, iskar gas ce ke kamawa da wuta a ciki ta tunkuɗo dankalin, a wata kuwa matsattsiyar iska ake saki, kamar tayar mota ta fashe. Har gasa suke yi da makamantanta: a jihar Delaware an fara ta jifa da kabewa tun 1986, amma a 2016 wata igwar iska ta tarwatse a filin, ta ji wa wata mata mummunan rauni.

Abin da ya fi damuna shi ne bututun. Yawanci na roba ne, irin na famfo, wanda don ruwa aka ƙera shi. Rana da sanyi suna sa shi gautsi, kuma idan ya fashe, ɓarɓashinsa kamar tsinin kwalba yake, ido da fuska yake nufa. Don Allah Malam, idan ƙannenka suka ɗauko wannan, ka hana su.