Fritz X: Bam ɗin da ake tuƙawa da rediyo

Mutanen Kutemeshi sun san ƙarar jirgin yaƙi a saman dajin Birnin Gwari. To yaya bam ke gane inda zai faɗa?

Ranar 9 ga Satumba 1943, jiragen Jamus suka nutsar da Roma, jirgin ruwan yaƙin Italiya, da bam ɗin Fritz X. Wuta ce ke ci a wutsiyarsa. Sojan da ke cikin jirgi yana kallonta, yana karkatar da bam ɗin da 'yar sanda ta siginar rediyo, kusan yadda kake buga gem a waya. Rauninsa: sai ido ya gani, kuma ana iya toshe siginar.

Yau kyamara ke gani, amma mutum ne ke zaɓar wurin. A Tudun Biri, Disamba 2023, jirgin soja marar matuƙi ya jefa wa masu Maulidi bam bisa kuskure, aƙalla mutum 85 suka rasu.