Yadda A Ke Shirya Wa Murjani Hanyar Ruwa

Yara, kun san murjani, jan dutsen nan da mata su ke ratayawa a wuya. Daga cikin teku a ke tsamo shi, galibi daga Bahar Rum. Yana da 'yan'uwa iri iri a tekuna masu ɗumi, kamar Bahar Maliya, waɗanda su ke gina duwatsu a ƙarƙashin ruwa. A gabas da Ostireliya akwai jerin irin waɗannan duwatsu da tsawonsu ya kai kilomita 2,300.

Wanda ya ga murjani a cikin ruwa sai ya ce tsiro ne, amma kuwa dabba ne. 'Yan ƙananan halittu ne masu laushin jiki, dubbai a wuri ɗaya, kowace ta gina wa kanta ɗaki mai tauri ta zauna. A cikin jikin waɗanda su ke gina duwatsu akwai wata irin gansakuka wadda ido ba ya gani, ita ce ke yi musu abinci in ta sami haske. To, murjani ba shi da ƙafa, ba shi da fiffike irin na kifi. Inda ya kafu, nan zai zauna har ƙarshen ransa. Ruwa ne ke kawo masa abinci da iskar numfashi, ruwa ne kuma ke kwashe masa ƙazanta. In ruwa ya tsaya cik, sai ƙazanta ta lulluɓe shi ya mutu.

A waɗansu ƙasashe mutane sukan kiwata murjani da kifayensa a cikin tankin gilashi, don kallo da neman ilmi. A birnin San Faransisko na Amurka, a gidan kifi na Steinhart, an buɗe wani tanki a shekarar 2008, zurfinsa ƙafa 25, yana cin ruwa wajen lita 800,000. Waɗansu kuma sukan sa a yi musu nasu a gida daidai da girman ɗakinsu. Babba ko ƙarami, dabarar ɗaya ce: kafin a zuba ko da ɗigon ruwa, sai an zauna an zana hanyar da ruwan zai bi.

Bari mu ɗauki misali. Ga tanki, tsawonsa mita 2, faɗinsa mita 1, zurfinsa mita 1. Zai ci lita 2,000. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, ta ruwan gishiri ma ta ɗara haka kaɗan. Kun ga ruwan kaɗai ya wuce kilo 2,000, ban da gilashi da duwatsu da yashi. Saboda haka aikin farko shi ne a duba daɓen ɗakin, a tabbata zai iya ɗaukar wannan kaya.

Sa'an nan akan ajiye wani ƙaramin tanki a ƙarƙashin babban, ko a ɗakin da ke maƙwabtaka da shi. A nan a ke tsabtace ruwa. A cikin babban tanki, can sama, akan yi wata 'yar katanga mai haƙora kamar matsefi. Ruwan da ya hau bisa katangar sai ya zuba cikin bututu ya gangara ƙasa da kansa, haƙoran kuma su tare kifi kada ya bi. A ƙaramin tanki ruwan zai ratsa matata, ya shiga wata na'ura mai hura kumfa, ƙazanta ta manne wa kumfar a kwashe. A nan ne kuma a ke daidaita ɗuminsa, gama murjani ya fi jin daɗi tsakanin digiri 24 da 27. Daga nan sai injin tura ruwa ya mai da shi sama. Gwanaye da yawa sukan so ruwan tanki ya yi wannan zagaye kamar sau biyar a sa'a ɗaya. Ga namu tanki, lita 10,000 ke nan a sa'a.

Amma fa wajen zaɓen inji akwai lura. Ruwa ba ya son hawa. Iyakar tsawon da aka ce inji ya kai shi, iyakar raguwar ƙarfinsa. Kowace kwana a bututu tana rage masa gudu, siririn bututu kuma yana shaƙe shi. Don haka mai hankali yakan miƙe hanya, ya rage kwane-kwane. Bututun gangara kuwa akan yi shi da faɗi, gama ba inji a bayansa, nauyin ruwa kaɗai ke tura shi. Ba a kuma dogara ga guda ɗaya. Akan sa biyu ko uku, ɗaya a bar shi a bushe yana jiran ranar da katantanwa ko ciyawa za ta toshe ɗan'uwansa. In babu shi, inji ya yi ta tura ruwa sama ba hanyar sauka, sai tanki ya tumbatsa ɗaki ya cika.

Da me a ke yin bututun? Da roba mai ƙarfi. Baƙin ƙarfe ruwan gishiri na cinye shi da tsatsa. Jan ƙarfe kuwa dafi ne ga murjani, ɗan kaɗan in ya narke a ruwa ya isa ya kashe shi. Akan kuma sa kan famfo a gaban inji da bayansa, don a iya rufe ruwa a cire injin a wanke.

To, in wutar lantarki ta ɗauke fa? Inji zai tsaya, amma ruwan sama zai ci gaba da gangarowa har ya sauka daidai bakin katanga. Kun taɓa ganin direba ya zuƙo mai daga tankin mota da tiyo, man ya yi ta zuba da kansa? Haka bututun da ke kai ruwa sama zai yi, ya juya yana zuƙo ruwa ƙasa. Maganinsa shi ne a ajiye bakin bututun kusa da fuskar ruwa, don da ruwa ya sauka kaɗan iska ta shiga, zuƙowa ta yanke. Mu yi lissafi. In ruwan tankinmu ya sauka santimita 3, lita 60 ke nan ta gangaro, ban da wanda ke cikin bututu. Lalle ne a bar wa wannan ruwa fili a ƙaramin tanki. Akan gwada da gangan, a kashe inji a tsaya a gani. Rigakafi ya fi magani.

Har wa yau zagayen nan bai ishi murjani ba. A teku igiyar ruwa tana kai da komowa dare da rana. Saboda haka akan kafa waɗansu ƙananan injuna a cikin tanki suna fuskantar juna, wannan ya tura ya huta, wancan ya karɓa, kada a sami lungun da ruwa ya kwanta a bayan dutse.

Abu na ƙarshe shi ne gishiri. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri wajen giram 35. Kullum ruwa yana tashi ya bi iska, gishiri kuwa ba ya tashi. Don haka da ruwa mai daɗi tatacce a ke cike gurbin wanda ya ragu. Wanda ya ƙara na gishiri, kwana kaɗan tankinsa zai fi ƙarfin abin da ke ciki.

Tambayoyi

1. Don me murjani ba ya rayuwa a ruwan da ba ya motsi?
2. Me ya sa ba a yin bututun da jan ƙarfe?
3. Mene ne amfanin bututun da a ke bari a bushe?
4. In ruwan tankinmu ya sauka santimita 5, lita nawa za ta gangaro?