Sauƙin Wili da Tasirinsa ga Babur ɗin Doguwar Tafiya

Gabatarwa

Babur ɗin doguwar tafiya shi ne wanda aka ƙera domin cin dogon zango, mai babban tanki, da gilashin tare iska, da akwatunan kaya, da mazaunin mutum biyu. Fitaccen misalinsa shi ne Honda Gold Wing na ƙasar Japan, wanda aka fara nunawa a 1974, samfurinsa na 2018 kuwa ya haura kilo 360. Masu irin wannan babur sukan cire wilin da ya zo da shi su sa marar nauyi, da fatan samun gudu da sauƙin sarrafawa. A wannan maƙala zan yi ƙoƙarin fayyace abin da ake samu da wanda ba a samu. Idan na ce wili, ina nufin rim da cibiyarsa da abin da ya haɗa su, ban da taya.

Me ya sa nauyin wili ya bambanta?

Dalili na farko shi ne wurin da wili yake. Inji da tanki da mahayi duk suna bisa shokazoba, amma wili da taya da faifan birki suna ƙarƙashinta. Idan taya ta taka tudu, wilin yakan yi sama, aikin shokazoba ne ta dawo da shi ƙasa nan take. Wili mai nauyi yana da wuyar dawowa, sai taya ta riƙa rabuwa da kwalta na ɗan lokaci. Tayar da ba ta taɓa ƙasa kuwa ba ta da birki, ba ta da riƙo.

Na biyu, wili tafiya biyu yake yi a lokaci guda: yana bin babur gaba, yana kuma juyawa. Inji sai ya biya kuɗin duka biyun, haka ma birki idan za a tsaya. Masana kimiyyar lissafin motsi sun nuna cewa wahalar juya abu tana ƙaruwa da nisan nauyinsa daga cibiya, nisan kuma sau kansa ake lissafa shi. Wato idan aka ninka nisan sau biyu, wahalar ta ninku sau huɗu. Saboda haka kilo ɗaya a bakin taya tamkar kilo biyu ne wajen tashi da tsayawa, alhali kilo ɗaya a cibiya kusan kilo ɗayan ne kawai.

Na uku shi ne taurin kan abin da ke juyi. Duk wanda ya murza katantanwa yana yaro ya san cewa muddin tana juyi ba ta yarda ta kwanta. Haka wili yake. Gwargwadon gudu da nauyin rim, gwargwadon ƙarfin da mahayi zai sa kafin babur ya kwanta a kwana ko ya kauce wa rami.

Ɗan lissafi

Mu ƙaddara babur mai kilo 380 ya ɗauki mutum biyu da kayansu, kilo 170, jimilla 550. Aka canza wili biyu, aka rage kilo 4. Ko da mun yi karamci mun ninka shi ya zama 8, bai kai kashi biyu cikin ɗari na jimillar ba. Ke nan wanda ya sayi wili domin ya tsere wa tsara ya yi asarar kuɗinsa. Amma mu duba ta ɗaya gefen. Idan wilin gaba da tayarsa da faifan birkinsa kilo 20 ne, aka cire 2, an rage kashi goma cikin ɗari na abin da shokazoba ke kokawa da shi. A nan ribar take: taya ta fi manne wa hanya a gargada, hannun babur ya fi laushi a kwana, kafaɗun mahayi kuma ba sa saurin gajiya.

Ire-iren wili

Nauyin baƙin ƙarfe kusan giram 7.8 ne a kowace santimita kubik, alminiyom 2.7, magniziyam kuwa 1.7. Sai dai yadda aka sarrafa ƙarfen ma yana da nasa tasiri. Akwai wilin zubi, wanda ake narka alminiyom a zuba a mazubi kamar yadda ake zuba tukunyar dalma. Shi ya fi araha, shi ne kuma yawancin babura ke zuwa da shi. Akwai na ƙira, wanda ake danne curin alminiyom da injin matsa, kwatankwacin yadda maƙeri ke dukan ƙarfe a kan uwar maƙera. Wannan ya fi ƙwari, don haka ana iya sirantar da shi. Kamfanonin Marchesini da OZ na Italiya sun yi suna a kansa.

Magniziyam ya fi sauƙi, amma ruwa da gishiri suna cinsa da zarar fentinsa ya kankare, shi ya sa ya fi dacewa da filin tsere. Sai wilin zaren kabon, irin wanda BST na Afirka ta Kudu ke yi, wanda ya fi duka sauƙi da tsada. Aibinsa shi ne ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi, tsagar kuma tana iya ɓoyewa daga ido, ba a kuma miƙe shi. A ɗaya ɓangaren akwai wilin sifoki. Yakan fi nauyi, amma yana shanye duka, ana kuma canza sifokin da ya karye. Dalili ke nan Honda Africa Twin ke da wilin sifoki mai inci 21 a gaba.

Abin lura kafin saye

Da farko, mai karatu ya nemi sanin iyakar nauyin da aka yarje wa wilin ya ɗauka. Wilin da aka yi wa babur ɗin tsere mai kilo 200 da mahayi ɗaya bai dace da mai ɗaukar 550 ba, ko da ya shiga daidai. Na biyu, faɗi da girman rim su zama irin na asali, domin canza su yakan sauya siffar taya. Na uku, a tabbatar da mazaunin faifan birki, da boris, da zoben na'urar ABS mai hana taya cijewa. Gold Wing da sanda yake juya tayar baya, ba da kaca ba, don haka sai wilin da aka yi dominsa. Na huɗu, a duba tambarin gwaji kamar JWL na Japan ko takardar TÜV ta Jamus. Bayan an ɗaura, a daidaita nauyin wilin, a kuma sake saita shokazoba. Kada kuma a manta da taya, ita ce mafi nisa daga cibiya, taya mai nauyi tana iya cinye ribar baki ɗaya.

Kammalawa

A nawa ganin, wilin alminiyom na ƙira shi ne tsaka-tsaki ga mai bin kwalta mai kyau. Mai bin hanyoyinmu masu ramuka kuwa, inda bakanike ke nesa, gara ya riƙe wilin asali ko na sifoki, ya kashe kuɗinsa a kan taya mai kyau da gyaran shokazoba. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, wilin da ya tsage a tsakiyar daji kuwa ba mai ɗinke shi.