Neman aiki bayan dogon zama

Ɗan'uwa, ka yi shekara 10 ba ka aikin albashi. Wataƙila ciwo ne ya kwantar da kai. Wataƙila ma'aikatarku aka rufe, ka koma gona. Yanzu furfura ta fito, iyali sun ƙaru, hatsin rumbu ba ya kai ku damina. Ta ina za ka fara?

Fara da takardu. Duba kartidantite ɗinka. In ta mutu, je komisariya a sabunta ta. Nemo takardar shaidar aiki, wadda doka ta ce a ba ma'aikaci in ya bar aiki. In gara ta cinye ta, nemi mutum 2 da kuka yi aiki tare, su shaide ka.

Daga nan ka je ofishin ANPE, a Maraɗi ko Damagaram ko Yamai, a rubuta sunanka. Amma kada ka zauna jiran kira. Aikin dattijo sau da yawa daga bakin sananne yake fitowa. Faɗa ma mutanen unguwa, faɗa ma tsofaffin abokan aiki. Ba roƙo ba ne.

Mai ɗaukar aiki zai ce: "Malam, ina ka shige duk shekarun nan?" Faɗi gaskiya, a taƙaice. Kada ka rage shekarunka, kartidantite za ta tona ka. Gaya masa abin da ka ƙaru da shi: yanzu ka iya karatu da lissafi. Ko aikin gadi ne, a wurare da yawa sai mai iya rubuta sunan mai shiga da mai fita cikin kaye.