Jar Tururuwar Bishiyar Mangwaro

Jama'a masu sauraro, wasiƙa ta gaba daga Kafanchan take. Wani manomi ya ce jar tururuwa ta mamaye masa gonar mangwaro, tana naɗe ganye tana yin gida, ba wanda ke iya hawa bishiya saboda cizo. Yana so a faɗa masa maganin feshi.

Malam, Allah ya ƙara albarka a gona, amma don Allah ka dakata da feshin nan. Bari mu fara tabbatar da ita ce. Jikinta ja ne mai ɗan fatsi, ƙafafu dogaye, manyanta ba su wuce santimita ɗaya ba. Idan ka taɓa reshe sai ta miƙe, ta buɗe baki, ta ɗaga gindi. Ba ta da ƙari irin na rina. Cizo take yi, sannan ta zuba wani ruwa mai tsami a wurin, shi ne zafin da kake ji. Masana suna kiranta Oecophylla longinoda. In kuwa baƙa ce 'yar mitsitsiya mai shiga kogon itace, wannan wata ce daban.

Ka tsaya ka kalli ginin gidan, za ka sha mamaki. Wasu su jeru su kamo bakin ganye, in bai kai ba su riƙe ƙugun juna su yi sarƙa har su jawo shi. Wasu kuma su ɗauko tsutsotsin 'ya'yansu a baki, suna kai su nan suna kai su can, tsutsa tana fitar da farin zare har ganye ya liƙe. Sarauniya ɗaya ce, amma gidajenta kan bazu a bishiyoyi da dama.

Wannan tururuwa mai gadi ce kyauta. Ƙudan nan da ke sa ƙwai cikin mangwaro ya yi tsutsa ya ruɓe, tsoronta yake ji. Wani bincike da aka wallafa a 2007 daga yankin Borgu na Jamhuriyar Benin ya nuna bishiyar da take da yawa a kai ɓarnar ƙuda kan ragu sosai. Manoman lemo a ƙasar Sin ma sun fi shekara 1,600 suna amfani da 'yar'uwarta ta Asiya. Aibinta, tana kiwon ƙwarin da ke kawo darɓa, sai dai a ganina ribar ta fi. Don gudun cizo, ranar tsinka ka shafa toka a hannu da ƙafa, ko ka yi amfani da doguwar gora.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi kuma ta tambaya ko za ta samu wannan tururuwa a lambunta. Hajiya, da wuya. Tururuwar tana son damshi da bishiyar da ba ta kakkaɓe ganye da rani, shi ya sa aka fi ganinta a gonakin koko, goro, kashu da lemo, daga Senegal har Tanzaniya. Bushewar Sahel ba ta yi mata.