Karatu: In tsufa ya ruɗa mahaifi, wa zai riƙe dukiyarsa?

Akwai tsufa, akwai ruɗewar tsufa. Tsoho ya ci tuwo, an jima ya ce ba a ba shi ba. Ya fita ƙofar gida, ya ɓace hanya. Har ya kai ga kiran ɗansa da sunan wanda ya daɗe da rasuwa. Wannan ba maita ba ce, ba sammu ba ne. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Har yanzu ba a samu maganin da ke warkar da shi ba.

Abin tsoro shi ne dukiya. Wani macuci ya kan lallaɓo da goro da ƴan kuɗi, ya sa tsoho ya dangwala hannu a takarda. Kafin damina, gona ta tafi. Rumbu da bisashe ma haka.

To, mi za a yi?

Da farko a kai shi likita. Wani ruɗewar zazzaɓi ne ko wani ciwo mai magani. In likita ya tabbatar, a karɓi takardarsa.

Sannan dangi su zamna, maza da mata, har da matan tsohon, kada a manta da ɗiyan da ke ci-rani. Su zaɓi mutum guda mai amana. Ba dole ba ne ya zama babban ɗa; sau da yawa ɗiyar da ke wanke shi, tana ba shi fura, ta fi kowa sanin halinsa. A rubuta abin da aka yanke gaban maigari da shaidu.

Amma takardar dangi kaɗai ba ta isa ba. Sai an kai ta gidan shari'a, tare da takardar likita da takardun haihuwa. Dokar shari'a ta 2018, kamar ta 2004, ta ce a maganar iyali alƙali yana bin al'adar mutane, yana zama da mashawarta masu sanin al'adar. Shi ke tabbatar da wakili.

Wakili ba magaji ba ne. Tsoho na da rai, dukiyar tasa ce. Da ita za a ci da shi, a tufatar da shi, a sai masa magani. Wakili ya samu littafi, ya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Kada ya sai da gona shi kaɗai, sai ya koma wurin dangi da alƙali. A kuma sanar da maigari da kwamitin filaye na gari, don su ƙi duk cinikin da aka yi da tsohon a ɓoye.