Tsatsa Ba Ta Jin Tsawa

Ɗana, ajiye dogon bututun nan da ka zura wa sifana, zo ka zauna. Na ga tun safe kake kokawa da kusoshin da suka riƙe bodin Land Cruiser ɗin nan a kan shasi, har gumi ya jiƙa maka riga.

Ka fara sanin abokin faɗanka. Wannan samfurin, mai lamba 60, daga 1980 zuwa 1990 aka ƙera shi, ka ga ya girme ka. Kuma ta Kwatano motar ta shigo daga Turai, inda ake watsa gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara. Gishirin nan ne ya shiga tsakanin kusar da hannun ƙarfen da ke cikin robar da bodin ke zaune a kai, ya haɗe su kamar an yi musu walda. Motar da ta tsufa a rairayin Agadas ba ta cika yin wannan ciwon ba.

Abin da ya yi shekara talatin yana kamawa ba zai saki da tsawa ɗaya ba. In ka matsa, ko kusar ta karye, ko haƙoranta su cinye. A wasu motocin ma notin a like yake cikin bodi. Ya ɓalle, sai ya dinga juyawa inda hannu ba ya kaiwa, dole a yanka bodin mutane. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Goge haƙoran da buroshin waya. Fesa musu man sakin tsatsa safe da yamma, kwana biyu ko uku. Ƙwanƙwasa kan kusar da guduma, man ya sami hanyar shiga. In za ka juya, ɗan ƙara ɗaurewa tukuna, sannan ka kwance kaɗan, ka koma, ka sake. Wuta tana taimako, amma noti kaɗai ake gasawa, kuma sai ka duba ina tanki da bututun mai suke, don roba ba ta wasa da wuta. In duk ta ƙi, sa zarto ka yanke ta. Kusa tana da araha, bodi ne mai tsada.

Wajen ɗaga bodin don cire robar, sassauta kusoshin duka, amma gefe guda za ka cire. Sa katako tsakanin jak da bodi, ka ɗaga daidai yadda robar za ta fita, idonka na kan wayoyi da sandar sitiyari da bututun birki. Kada yatsanka ya shiga tsakanin bodi da shasi sai ka tokare da katako. Ina da abokan sana'a da ke ƙirga tara.

Sabuwar kusar kuwa, shafa mata giris kafin ka ɗaura. Wata rana wani yaro zai kwanta a ƙarƙashin motar nan, bai san sunanka ba, amma zai sa maka albarka.

Tashi ka fesa man, mu je mu yi azahar. Kusar ma ta sha nata.